Takun Dokin Malam Muhammadu Bakatsine

15, 34, 65, 111. Wace lamba ce ke biye?

Duk wanda ya zauna jarrabawar shiga sakandare, ko ya sha gumi a gaban takardar WAEC da NECO, ya san irin wannan tambaya. Za a jero maka lambobi, a bar gurbi a ƙarshe, a ce cike. Yawancinmu mun taso muna ɗaukar abin a matsayin kayan da Bature ya zo da shi cikin jakarsa tare da alli da baƙin allo. To waɗannan lambobi huɗu da na jero ba daga Ingila suka zo ba. Suna cikin takardun malamanmu tun kafin a haifi Shehu Usmanu, kuma mutumin da ya fi kowa iya wasa da su a wannan yanki namu Bakatsine ne. Shi nake so in yi wa kirari a yau, kuma ina gaya muku tun da wuri, ba zan yi shi da rowa ba.

Sunansa Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi. Bafulatani ne, mutumin Katsina, Katsinar Gobarau, wadda Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka bari cike da almajirai da littattafai. Ya tafi aikin hajji wajajen 1730, daga baya ya zauna a Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda shi kansa gwani ne a ilmin taurari da lissafi. A nan ya rasu a 1741, shekara 13 kafin haihuwar Shehu. Ɗan maigidan nasa, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ba a ma haifa ba a lokacin, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma da ya zo jero manyan malaman da suka shuɗe a littafinsa Aja'ib al-Athar, bai tsallake baƙon mahaifinsa ba. Ku tsaya ku auna wannan. Mutum ya taso daga ƙasar Hausa, ya keta sahara da rairayi, ya isa garin da Azhar take, garin da malamai suka fi kasuwa yawa, amma ya zauna a can a matsayin wanda ake ɗauka a wurinsa. Allah Ya jiƙan maza.

Littafin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Bahjat al-Afaƙ, wanda ya rubuta da Larabci wajajen 1732, a kan ilmin haruffa da hatimai. Ba littafi ne da za ka shiga kasuwar Jega ko ta Birnin Kebbi ka ce a ba ka ba. Ni ma ta hannun wata Ba'amurkiya na fara saninsa, Claudia Zaslavsky, wadda ta fitar da Africa Counts a 1973 ta kawo bayanin hanyoyinsa a ciki. Kafin ita, Hassan Gwarzo ya yi rubutu a 1967 a kan yadda Bakatsinen ya bayyana ramzi, wato ɓoye shekara cikin haruffa kamar yadda mawaƙan jihadi suke yi a ƙarshen waƙa. Amma ɓangaren da ya tafi da hankalina shi ne na gina hatimi mai gidaje mara: uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har inda takarda ta ƙare.

Babu ɗan ƙasar Gwandu da zai ce bai taɓa ganin hatimi ba. Yana cikin kundin kaka, yana bayan allo, yana naɗe cikin laya a wuyan jariri. Mafi shahara shi ne musallasi, mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Haɗa kowane layi a kwance, 15. A tsaye, 15. Daga kusurwa zuwa kusurwa, 15. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya tsaya ya tambaya ba shi ne, me ya sa 15, ba 14 ko 16 ba? Amsar tana kusa ƙwarai. Lambobi daga 1 zuwa 9 in ka tara su 45 ne. Layi uku ne za su raba wannan dukiya, kuma an ce kada wani ya fi wani, to kowa ya tashi da 15. Mai gida huɗu-huɗu yana ɗauke da 1 zuwa 16, jimla 136, a raba wa layi huɗu, 34. Mai biyar-biyar, 1 zuwa 25, jimla 325, a raba biyar, 65. Mai shida-shida, 1 zuwa 36, jimla 666, a raba shida, 111. Ga lambobinmu huɗu sun fito, kowace da dalilinta a hannu.

Ɗan makarantar boko zai bi wata hanya, kuma hanya ce mai kyau, ban raina ta ba. Zai duba tazarar da ke tsakani: daga 15 zuwa 34 akwai 19, daga 34 zuwa 65 akwai 31, daga 65 zuwa 111 akwai 46. Bai ga komai ba tukuna, sai ya sake duba tazarar tazarar: 12, sai 15. Ashe da uku-uku take hawa. To ta gaba 18 ce, a ɗora ta kan 46 a sami 64, a ɗora 64 kan 111 a sami 175. Ya ci maki. Almajirin hatimi kuwa zai tara 1 zuwa 49, ya sami 1,225, ya raba bakwai, ya sami 175 ɗin nan dai. Sun haɗu a wuri ɗaya, sai dai akwai bambanci mai girma a tsakaninsu. Na farko ya ga 12 da 15 ne kawai ya yi fatan abin zai ci gaba da hawa da uku-uku. Na biyu ya san abin da ya haifi lambar, saboda haka ko ka tashe shi cikin dare ka ce masa mai gida ɗari-ɗari fa, zai ba ka amsa ba tare da ya bi ta kan sauran ba. Bayan 175 sai 260, sai 369. Ku riƙe 369 ɗin nan, za ta yi mana rana.

Sanin jimla abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce zuba lambobin a gidajensu. Gwada cika mai biyar-biyar da ka, ka ga yadda za ka gyara layi ɗaya biyu su ɓaci, ka gyara biyun uku su rushe, har fitila ta mutu. A nan ne Malam Muhammadu ya nuna shi ba sa'an yaro ba ne. Cikin hanyoyin da ya kawo akwai wadda ke bin takun doki na wasan shaɗaranji, wannan dara da 'yan boko ke kira ces, inda doki ba ya tafiya miƙe, sai ya yi biyu gaba ɗaya gefe. Kai, ranar da na fahimci wannan hanya ban iya cin tuwon dare a natse ba.

Ga yadda take. Zana gida biyar a kwance, biyar a tsaye. Sa 1 a kusurwar sama ta dama, inda mai rubutun Larabci ke fara ɗora alƙalami. Daga nan doki ya taka: sauka gida biyu, matsa ɗaya hagu, sa 2. Sake sauka biyu, matsa ɗaya hagu, sa 3. Yanzu ka iso layin ƙasa, babu wurin sauka. Sai ka ɗauki hatimin kamar tabarmar da aka naɗe, bakin ƙasa ya haɗu da bakin sama, bakin hagu ya haɗu da na dama. Wanda ya faɗa ta ƙasa sai ya ɓullo ta sama, wanda ya fice ta hagu sai ya shigo ta dama. Da haka 4 za ta sami gida, 5 ma haka. Da ka sa 5, in doki ya sake takawa, kan 1 zai sauka, gida da mai shi. To nan sai a ja linzami: kada ka sauka, matsa gida biyu hagu a cikin layin da kake, sa 6, doki ya ci gaba da takunsa. Duk bayan lamba biyar haka za ka yi, a 10, a 15, a 20. Ƙa'ida biyu ke nan kacal, taku da jan linzami. Ga abin da zai fito:

13 25 7 19 1
17 4 11 23 10
21 8 20 2 14
5 12 24 6 18
9 16 3 15 22

Don Allah kada ku yarda da ni, ku ɗauko biro. Layin sama, 13 da 25 da 7 da 19 da 1, 65. Layin tsaye na hagu, 13 da 17 da 21 da 5 da 9, 65. Daga kusurwa zuwa kusurwa, 13 da 4 da 20 da 6 da 22, 65. Ɗaya kusurwar, 1 da 23 da 20 da 12 da 9, 65. Ba ka yi lissafin komai ba lokacin da kake zubawa, ba ka goge ko gida ɗaya ba, doki kawai ka bi, amma layi goma sha biyu sun daidaita kamar an auna su da ma'auni. Kuma akwai gyara a kai, irin wadda mai awo ke ƙara wa wanda ya saya da yawa. Fara daga 25 ka gangara a karkace, 11, 2, 18, ka fice ta dama ka shigo ta hagu ka ɗauki 9. Tara su. 65! Duk wani layin karkace da ya karye ya zagayo haka, 65 zai ba ka. Musallasin da muka gada ba ya yin wannan. Tabɗi.

Wannan ita ce ainihin tambayar "mece ce ta gaba", sai dai an juya ta. A jarrabawa ana ba ka gurbi a ce nemo lamba. A nan lambar na hannunka, gurbinta kake nema, kuma kowace lamba ita ke nuna maka inda ƙanwarta za ta zauna.

Wata la'asar sakaliya a Cheberu, a gindin bishiyar da dattawa ke buga dara, na share rairayi a gefe na tona ramuka biyar-biyar, ina nuna wa wani ɗan 'yar'uwata da ke ajin farko na sakandare. Da tsinke muke rubuta lambobin a bakin kowane rami. Yaron ya kama takun tun kafin mu kai 10, ya ture hannuna.

"Kawu, bari in ƙarasa."

Yana tafe yana ƙirga da baki, biyu ƙasa, ɗaya hagu, har harshensa ya leƙo waje don ƙoƙari. Da ya kai 15 ya manta jan linzami, ya ga doki zai faɗa kan 11, ya tsaya cak, ya sosa ƙeya, sannan ya tuna da kansa ya matsa biyu hagu. Wani tsohon malami da ke jiran a gama wasa a ba shi wuri ya jingino da sandarsa yana kallo, tasbaha na rataye a yatsa.

"Ɗana, mi kaka zane nan? Wanga ai muhammasi na."

"Shi ne, Allah gafarta Malam."

"Mu da ka munka hardace shi, gida-gida. In ɗaya ya ɓace maka, sai ka koma ga kundi."

Ya tsuguna, ya bi layukan da ɗan yatsa yana haɗawa a zuci, leɓɓansa na motsi. Ya gama na kwance, ya gama na tsaye, ya dubi yaron, ya dubi ramukan. Sai ya ce a share, yaron ya sake daga farko a hankali, yana so ya ga inda dokin ke juyawa. 'Yan dara har suka bar wasansu suka zagaye mu.

Abin da ya fi burge ni da hanyar shi ne ba ta da rufa-rufa. In ka tambaye ta dalili za ta ba ka. Kasa lambobin nan 25 gida biyar: 1 zuwa 5 zuriya ɗaya, 6 zuwa 10 zuriya ɗaya, haka har 21 zuwa 25. A kowace zuriya akwai ɗan fari, na biyu, na uku, na huɗu da auta. Yanzu dubi layi na biyu: 17, 4, 11, 23, 10. Goma sha bakwai ta fito daga zuriyar 16 zuwa 20, ita ce ta biyu. Huɗu daga zuriyar farko, ta huɗu. Goma sha ɗaya 'yar fari ce a tata zuriyar, 23 ta uku ce a tata, 10 kuwa auta. Kowace zuriya ta aiko da wakili ɗaya, kuma babu matsayin da aka maimaita. Duba kowane layi, haka za ka tarar. To in haka ne jimla ba ta da zaɓi. Tushen zuriyoyin, 0 da 5 da 10 da 15 da 20, sun ba da 50. Matsayan, 1 zuwa 5, sun ba da 15. Hamsin da goma sha biyar, 65. Aikin takun doki shi ne ya watsa 'yan gida ɗaya don kada biyu su haɗu a layi, aikin jan linzami kuma ya hana 'yan fari taruwa wuri ɗaya. Shi ke nan sirrin, kuma da ka gan shi daɗin abin ƙaruwa yake yi.

Gwada a bakwai-bakwai, da taku iri ɗaya, sai dai jan linzami duk bayan lamba bakwai. Layin sama zai fito 25, 49, 17, 41, 9, 33, 1. Tara, 175, lambar da muka samo ɗazu ta hanya biyu. Ga wani abin sha'awa ma: jera su daga ƙarama, 1, 9, 17, 25, 33, 41, 49, takwas-takwas suke hawa. Koma kan mai biyar, layin sama 1, 7, 13, 19, 25, shida-shida. Jeri cikin jeri, kamar an ɓoye su don mai haƙuri.

Yanzu ga inda nake so kowane malamin lissafi ya buɗe kunne. Hanya ta yi aiki a biyar. Ta yi aiki a bakwai. Me hankali zai ce game da tara? Zai ce ai magana ta ƙare. To zauna ka cika gida 81 da wannan taku. Layukan kwance duk za su ba ka 369. Na tsaye duk 369. Kusurwar da ta taso daga hagu, 369. Kana shirin tafawa, sai ka haɗa wadda ta taso daga dama: 1, 13, 25, 28, 40, 52, 55, 67, 79. Jimla 360. Tara ta yi ɓatan dabo! Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya bi maganar zuriya. A wannan layi 'yan fari uku ne, na huɗu uku, na bakwai uku, sauran matsayai ba su sami wakili ba. Duk hatimin da uku ke raba yawan gidajen layinsa, 3 da 9 da 15 da 21, wannan taku zai yi tuntuɓe a kusurwa. A 11 da 13 kuwa lafiya lau yake tafiya. Ni a ganina wannan ne ya sa gwani ba ya riƙe hanya ɗaya, kuma Bakatsinen bai riƙe ɗaya ba, hanyoyi da dama ya shimfiɗa wa ɗalibi. Wanda ya san dokinsa ya san ƙasar da ba ya takawa.

Masu lissafin zamani suna da nasu misalin na irin wannan tarko, kuma ina son sa. Zana da'ira, sa ɗigo a bakinta, ka haɗa kowane ɗigo da kowane da miƙaƙƙen layi, ka ƙirga yankunan da da'irar ta rabu. Ɗigo ɗaya, yanki 1. Biyu, 2. Uku, 4. Huɗu, 8. Biyar, 16. Ko jariri zai ce na gaba 32. Zana ɗigo shida yadda ka ga dama, ka ƙirga har idonka ya yi ja, ba za ka wuce 31 ba. Na bayansa 57. Saboda haka duk lokacin da na ga an ba yara 2, 4, 8, 16 an ce amsa ɗaya ce tak ba tare da an gaya musu daga ina lambobin suka fito ba, sai in ji wani iri. Ba laifin yaran ba ne in suka taso suna ganin lissafi canke ne.

Hatimi ma yana da jerin da ya gagari kowa. Musallasi iri nawa ne, in ba a ƙirga juyi da kifawa ba? Ɗaya tak. Mai huɗu-huɗu fa? 880, kuma wani Bafaranshe, Frénicle de Bessy, shi ya jero su duka, aka buga aikin a 1693 bayan rasuwarsa. Mai biyar-biyar? Sai da aka jira kwamfuta: Richard Schroeppel ya ƙirga su a 1973, ya sami 275,305,224. Daga 1 zuwa 880 zuwa miliyan 275 da ɗoriya. Je ka nemi tazarar tazara a nan in kana da ƙarfi. Har yau babu wata ƙa'ida da aka gano mai ba da lamba ta gaba a wannan jeri. Akwai wani masani, Neil Sloane, da ya fara tara jerin lambobi a 1964 yana ɗalibi a Amurka, ya buga littafi a 1973 mai jeri 2,372, yanzu kuma taskar tasa tana intanet da jeri fiye da 300,000. Duka jerin nan biyu suna ciki, na jimla da na ƙirga. Muhammasin da yaro ya tona a rairayin Cheberu ɗaya ne daga cikin miliyoyin nan, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da ko karyayyun layukansu ba sa saɓawa.

Ba na cewa a Katsina aka ƙirƙiro hatimi. Mutanen Sin sun san musallasi tun zamanin da. Ikhwan al-Safa na Basra sun kawo hatimai a rubuce-rubucensu a ƙarni na 10, Abul Wafa al-Buzjani ya yi littafi a kansu a wannan ƙarni, al-Buni kuma, wanda malamanmu suka fi sani, ya zo daga baya ya cika su da maganar asirai. Wani mai zane na Jamus, Albrecht Dürer, ya sa mai 34 a wani zanensa na 1514, har ya dabarta 15 da 14 suka zauna gefe da gefe a layin ƙasa. Jakadan Faransa a Siyam, Simon de la Loubère, ya koma gida da wata hanyar cika masu gidaje mara ya buga ta a 1691, Turawa suka yi ta murna har suka laƙaba mata sunan ƙasar. Benjamin Franklin, wanda hotonsa ke kan dala ɗari, ya riƙa zana hatimai don kashe lokaci sa'ad da yake magatakardan majalisar Pensilbaniya, aikin da ya kama a 1736. Ku duba shekarun nan da kyau. Lokacin da Franklin ke zanensa a bayan takardun majalisa, namu yana raye a Alƙahira, ya riga ya gama littafi sukutum. Cikin wannan ayari yake tafiya, kafaɗa da kafaɗa, ba a bayansu yana riƙe musu jaka ba.

Na san abin da wasu ke gunaguni tun ɗazu: ai wannan kayan tsubbu ne. Ba zan yi musu ba cewa Malam Muhammadu bai rubuta littafinsa don jarrabawar NECO ba. Cikakken sunan littafin ma ya faɗi abin da ke ciki, kuma yana da wani, al-Durr al-Manzum, wanda ya fi wannan nitsewa cikin taurari da ɗalasimai. Mutumin zamaninsa ne, ya yarda haruffa da lambobi suna da asirai. Hukuncin rataya laya da shan rubutu na malamai ne, sun daɗe suna kai ruwa rana a kai, ni kuwa ba ni da rawanin shiga wannan fage. Abin da na sani shi ne 13 da 25 da 7 da 19 da 1 za su ba ɗan Izala 65, su ba ɗan ɗariƙa 65, su ba wanda bai taɓa jin sunan Katsina ba 65. Wanda ya ƙi layar yana iya ɗaukar lissafin ya bar sauran. Asara ce babba a zubar da tsaba don an tsani buhun. Kuma ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi ta rubutu har rasuwarsa a 1829, ƙasar da alƙalai ke raba gado da sudusi da sumuni ba tare da na'ura ba, ba ta da hujjar jin tsoron lamba.

In akwai abin da ke ci mini rai, shi ne wanda ya san hatimi bai san yana riƙe da lissafi ba, wanda ke koyar da lissafi kuma bai san akwai hatimi a layin gidansu ba. Tsohon nan mai sanda da malamin lissafin sakandare suna sallah a sahu ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, amma ilminsu bai taɓa gaisawa ba. Alhali darasin jerin lambobi gaba ɗayansa yana kwance cikin gida 25 ɗin nan: tara lambobi a jere, tazara da tazarar tazara, saura bayan rabawa, da kuma babban darasin tara-tara, inda abin da ya yi aiki sau biyu ya ƙi na uku. Ba a buƙatar lantarki, ba a buƙatar littafi mai tsada. Rairayi da tsinke sun wadatar, ga su nan ko'ina daga Gwandu har Kalgo.

Muna da jami'a a Aliero, muna da ta tarayya a Birnin Kebbi, ga masana Larabci birjik a Sakkwato da Katsina. Abin da nake roƙo ƙarami ne: wani mai Larabci da wani mai lissafi su zauna tabarma ɗaya, su ciro babin hatimai masu gidaje mara daga Bahjat al-Afaƙ, su mayar da shi Hausa, boko a shafi ɗaya ajami a ɗayan, da zane manya-manya yadda yaro zai bi da yatsa, da shafukan da aka bar gidajensu fayau don ya cika da kansa. Kada ya yi kauri, kada ya fi kuɗin kwanon shinkafa. Ranar da ya fito, ni zan fara yin layi, in sayi na makarantar allon unguwarmu da na firamaren Cheberu, in kuma ajiye guda a aljihun riga saboda zaman jiran mota a tashar Gwandu.